Kwana 752 a hannun 'yan bindiga: yadda Fada Maccalli ya riƙe begensa

Masu bin hanyar Yamai zuwa Makalondi da kaya sun san fargabar da ke tattare da ita. A yankin nan ne, a ƙauyen Bomoanga na Gurmawa kusa da iyakar Burkina Faso, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka shiga gidan limamin Katolika, Fada Pier Luigi Maccalli, daren 17 ga Satumba 2018. Mutumin Italiya ne, ya shekara 11 a garin. Suka ɗora shi kan babur, daga baya suka tsallaka da shi can cikin hamadar Mali.

Abin da ya ja hankalinmu a labarinsa shi ne bai ɓoye tsoronsa ba. Bayan sakinsa ya faɗa cewa ya yi kuka, ya tambayi Allah dalilin da ya sa ya yashe shi, ya kuwa ji shiru. Da dare akan ɗaure masa ƙafa da sarƙa. Ba Littafi Mai Tsarki a hannunsa, ba majami'a, ba labarin gida. Sai ya sami ƙyalle ya ƙuƙƙulla, ya mai da shi carbi, da shi yake addu'a kullum, har da roƙa wa masu tsaronsa gafara, waɗanda yawancinsu samari ne.

Kiristocin Hausa suna kiran wannan hali bege. Mai karatu Musulmi ya san kalmar a waƙoƙin begen Annabi, inda take nufin ƙauna da ɗoki. A bakin Kirista kuwa sa zuciya take nufi ga alkawarin Allah, ko da ido bai ga mafita ba, tushenta kuma imaninsu ne cewa Yesu Almasihu ya sha wuya ya mutu, sannan ya tashi. A ganinmu shi ya sa kukan Fada bai rushe addu'arsa ba: a addininsa, wanda yake bi ma ya yi irin wannan kuka a kan gicciye.

Sai a Afrilun 2020 wani ɗan gajeren bidiyo ya nuna yana raye. Ranar 8 ga Oktoba 2020 aka sake shi a Mali tare da ɗan siyasa Soumaïla Cissé da wasu Turawa biyu. A watan Nuwamba Paparoma Francis ya karɓe shi a Rum, ya sumbaci hannunsa.