Kafin Ka Sayi Wayar Da Za Ta Riƙe Lasifikar Gida

Daga Maruta zuwa Gwaram, daga Sara zuwa Birnin Kudu, da wuya yanzu ka shiga gida ko shagon tela ba ka tarar da akwatin sautin nan da ake haɗawa da waya ta Bluetooth ba, wanda yara ke kira MP. Da asuba karatun Alƙur'ani, da hantsi mata na aikin gida Barmani Choge ko Nura M. Inuwa na tashi, da dare maigida ya sa Shata ko tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam. Kaset ya tafi, faifan CD ya bi bayansa. Amma mutane kan zauna su yi ta cinikin akwatin, su duba girmansa da fitilunsa masu walƙiya, ba su tsaya tunanin wace waya ce za ta riƙa ba shi abin da zai faɗa ba. A nan asarar take shigowa.

Shawarata a taƙaice ita ce: kada wayar da kake ajiye kuɗinka a cikinta ta zama ita ce wayar kiɗan gida. Duba yadda abin ke faruwa. An haɗa wayar maigida da lasifika a tsakar gida, shi yana zaure yana karɓar baƙi. Yaro ya ɗauka zai canza waƙa, don haka an gaya masa lambobin buɗewa. Gobe ƙaninsa ya sani, jibi abokinsu. Ranar suna ko kamu kuwa wayar hannu goma take zagawa, kowa na neman waƙar da yake so. A cikin wayar nan akwai manhajar banki, ko OPay, ko Moniepoint, akwai kuma layin da banki ke turo lambar sirri ta cikinsa. Wanda ya riƙe layinka na minti biyar, in ya san abin da yake yi, ya isa ya yi maka ɓarna. Ga kuma abin kunya: kira ya shigo, ko wani ya taɓa saƙon murya na WhatsApp, sai maganar da aka yi maka a asirce ta fito ta lasifika, maƙwabta na ji ta kan katanga.

Haka nan wajen masu tura waƙoƙi a kasuwa. Yawancinsu masu neman halal ne, amma ba dalilin miƙa wayarka a buɗe ka tafi cefane ka dawo. Ciro memori ka ba su, wayar ta zauna a aljihunka.

Saboda haka a ware wa gida wayarsa daban, mai araha, wadda ba banki a cikinta, ba hotunan iyali. Mafi yawan akwatunan nan ma suna da ramin memori da na filashi, har da rediyo. Wanda abin da yake saurare bai wuce karatu da 'yan waƙoƙi ba, ba ya bukatar waya ko kaɗan. Amfanin waya shi ne ka ga sunan abin da kake nema ka taɓa, maimakon danna maɓalli sau arba'in kafin ka iso surar da kake so.

Sai a san cewa na'urorin iri biyu ne, don mai shago ba lallai ya bambance maka ba. Na Bluetooth, waya ce ke ɗauke da sautin tana miƙa masa, kuma tazarar ba ta cika wuce mita 10 ba. Katanga mai kauri na rage ta. Ka fita da wayar, kiɗa ya tsaya. Iri na biyu, irin su Sonos da WiiM, su da kansu suke jawo waƙa daga intanet ta Wi-Fi, wayar ba ta wuce rimot ba. Sautinsu ya fi tsabta, ba musu. Amma suna son wuta da ba ta yankewa da Wi-Fi a gida, kuma duk wanda ke zaune a kudancin Jigawa ya san yadda wutar NEPA take da yadda sabis ke ɗaukewa in hadari ya taso. Sannan rayuwarsu a hannun manhajar kamfani take. A watan Mayun 2024 kamfanin Sonos na Amurka ya sauya manhajarsa, masu na'urorin suka wayi gari abubuwa da dama sun daina aiki, har sai da shugaban kamfanin, Patrick Spence, ya nemi afuwa, daga baya ya sauka a Janairun 2025. Mutanen da ke da wuta dare da rana ke nan. In ba ka da sola mai ƙarfi da intanet tsayayye, bar wannan iri a shago.

To me za a duba a jikin wayar? Ba kyamara ba. Mai sayarwa zai yi ta nuna maka idanu uku ko huɗu da ke bayanta, alhali wayar da za ta zauna kan kanta kusa da lasifika ba hoto za ta ɗauka ba. Batir ne kan gaba: nemi mai 5000mAh, wanda yanzu ya zama ruwan dare a ƙananan Itel da Tecno da Infinix, duk na kamfanin Transsion na China. Ba wai sun fi kowa ba ne. Abin da ya sa na ambace su shi ne in gilashi ya fashe ko ramin caji ya lalace, mai gyara a Birnin Kudu ko Dutse zai samu kayan, ba sai an aika Farm Centre ko Beirut Road a Kano ba. Na biyu, ramin memori. Wasu sababbin wayoyi masu tsada sun cire shi, kuma a wajenmu wannan naƙasu ne babba. Na uku, ramin iyafis, saboda ranar da Bluetooth ya ƙi haɗuwa, 'yar igiya mai araha za ta fitar da kai.

Lissafin memori da data ya cancanci a tsaya a kansa. Waƙar minti 5 mai matsakaicin inganci ba ta wuce mega 5 ba, wato giga 1 zai ɗauki kusan 200. Memori mai giga 32 ya ishi gida: izu sittin, tafsiri, da waƙoƙi masu ɗimbin yawa. Amma in kai tsaye kake ji daga intanet, a Audiomack ko Boomplay ko Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, awa ɗaya na cin kusan mega 60, in an ɗaga ingancin ya haura 140. Gidan da ke kunna sauti awa 5 kullum zai ƙone kusan giga 9 a wata, a mafi ƙarancin lissafi. YouTube ya fi haka nesa ba kusa ba, don kana biyan kuɗin hoton da ba wanda ke kallo. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sauke abin sau ɗaya inda sabis ke da ƙarfi, ka ajiye.

A kula da memorin jabu. An rubuta giga 64 a jiki, waya ma ta nuna 64, amma cikinsa bai kai haka ba. Da ka wuce ainihin girmansa sai waƙoƙi su fara ƙin buɗewa. In farashin ya yi arha fiye da kima, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Tabulet fa? Allonsa mai faɗi na taimakon dattijon da ido ya fara rauni, kuma ba ya shiga aljihu balle a fita da shi. Matsalar ita ce masu arhar da ba a san sunan kamfaninsu ba sun cika kasuwa, da tsohuwar Android wadda manhajoji ke daina karɓa. WhatsApp kansa ya bar duk wadda ba ta kai Android 5 ba tun 2023. Shiga saiti ka ga lambar da idonka, kada ka yarda da abin da aka buga a kwali.

Waya ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, ta isa wannan aiki, in an saye ta da hankali. Danna *#06#, lambar IMEI za ta fito; a rubuta ta a rasit tare da sunan mai shago, don wanda aka kama da wayar sata shi ke fara kwana a caji ofis. A sa mai ita ya cire asusunsa na Google a gabanka, in ba haka ba ranar da aka yi mata wanki za ta kulle ta nemi bayanansa. Ka tafi da lasifikarka ko ka ari ta maƙwabcin shago, a haɗa, ka ja da baya taku goma ka ji ko sautin na yankewa.

Saura zafi. Wayar kiɗa ita ce aka fi bari a jone da caji yini guda, a ɗakin kwano, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Batirin lithium ba ya son haka. Kada a ɗora ta kan lasifika mai zafi ko a tura ta ƙarƙashin matashi. Da ka ga bayanta ya ɗago ko gilashin ya fara rabuwa da jiki, batir ya kumbura: cire caji nan take, kada a danna shi, kada a huda, a nisanta shi da yara da katifa, a kai wa mai gyara ya sauya.