MAI TSORON LIKITAN HAƘORI YA SAMI MAFITA

Daga Wakilinmu

Kowa ya san yadda ciwon haƙori ke hana mutum barci, ya hana shi cin tuwo, ya kuma hana shi aikin ofis ko karatu. Amma duk da haka akwai mutane da yawa, har da manyan ma'aikata da ɗalibai masu ilmi, waɗanda sun gwammace su kwana suna juyi da su zauna a kujerar likitan haƙori. Wani allura ya ke tsoro, wani kuwa ƙarar na'urar da a ke share kogon haƙori da ita. Sai ka ga mutum yana ta cusa kanumfari a kogon, yana haɗiyar ƙwayoyin kemis, har kunci ya kumbura. Watau an yi gudun gara, an faɗa gidan zago, domin haƙorin da a da cikewa kawai ya ke bukata, yanzu sai an cire shi.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin shekarar 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori. Saboda masu tsoro irin waɗannan ne likitoci su ke amfani da magungunan kwantar da hankali a lokacin aikin haƙori.

Asalin abin ya daɗe. Cikin watan Disamba na shekarar 1844, wani likitan haƙori a garin Hartford na ƙasar Amurka, mai suna Horace Wells, ya halarci wani wasa inda a ke shaƙa wa 'yan kallo iskar naitiros oksaid, wadda a ke yi wa laƙabi da iskar sa dariya. Ya lura wani da ya shaƙa ya buge ƙafarsa bai ji zafi ba. Kashegari sai ya shaƙi iskar da kansa, aka cire masa haƙori lafiya lau. Ko da ya ke gwajin da ya yi a gaban ɗaliban likitanci a Boston cikin 1845 bai yi kyau ba, domin majinyacin ya yi ƙara, wannan iskar ce a ke amfani da ita har yau.

Ya kamata mai karatu ya bambanta abubuwa uku. Na farko, allurar kashe zafi da a ke yi a dasashi, irin su lidoken wanda aka haɗa a ƙasar Suwidin cikin 1943. Ita wurin aikin kaɗai ta ke kashewa, ba ruwanta da fargaba. Na biyu, maganin kwantar da hankali, wanda ke kawar da fargabar amma ya bar mutum a farke, yana numfashi da kansa, yana kuma amsa maganar likita. Na uku, maganin sa barci gaba ɗaya irin na ɗakin tiyata. Na biyun shi ne abin da mu ke magana a kai, kuma tare da allurar dasashi a ke ba da shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta shaƙa. A kan ɗora wa mutum ɗan murfi a hanci, ya riƙa shaƙar naitiros oksaid gauraye da oksijin, wanda ba a yarda ya kasa kashi 30 cikin 100 ba. Cikin 'yan mintoci jiki zai yi sanyi, hankali ya kwanta. Idan an gama sai a ba shi oksijin zalla na kamar minti 5, ya wartsake. Wannan ta fi dacewa da yara da masu ƙaramin tsoro. Akwai kuma ƙwayar da a ke sha kafin a fara aiki, sai dai ba a iya daidaita ƙarfinta bayan an haɗiye. Sa'an nan akwai ta jijiya, inda a ke zuba midazolam kaɗan kaɗan har a kai gwargwadon bukata. Sau da yawa wanda aka yi wa wannan ba ya ma tuna yadda aikin ya gudana.

Amma fa magani ne mai ƙarfi, kuma haɗarinsa yana wajen numfashi. In ya yi yawa, numfashi na iya raguwa ba a ankara ba. Don haka dole a maƙala wa majinyaci na'urar auna oksijin a yatsa, a riƙa duba bugun jininsa, a ajiye fulumazenil a kusa, watau makarin midazolam, a kuma sami ma'aikaci na biyu mai horo a ɗakin. A Ingila, bayan mutuwar waɗansu yara, gwamnati ta fitar da rahoto cikin shekarar 2000 wanda ya sa aka taƙaita sa barci gaba ɗaya don aikin haƙori ga asibitoci kaɗai, aka ƙarfafa kwantar da hankali a madadinsa.

Shi ma majinyaci da nasa nauyin. Wajibi ne ya gaya wa likita gaskiya in yana da asma, ko ciwon zuciya, ko minshari mai ɗauke numfashi. Mace mai juna biyu ta faɗa tun da wuri. Wanda ke shan giya, ko taramadol, ko kodin, kada kunya ta sa ya ɓoye, domin haɗuwarsu da midazolam na iya tsayar da numfashi. Wanda aka ba ƙwaya ko aka yi wa ta jijiya, sai ya zo da ɗan rakiya, kuma kada ya tuƙa mota ko babur, ko ya sa hannu a muhimmiyar takarda, sai bayan awa 24.

A nan Nijeriya, ba kowane ɗakin haƙori ke da waɗannan kayan aiki ba. Mai bukata ya fara tambaya a sashen haƙori na asibitocin koyarwa da manyan asibitocin gwamnati, ya kuma tabbata likitan yana da rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Faɗa wa likita cewa kana jin tsoro ba abin kunya ba ne. Wani ma bayani cikin natsuwa, da yarjejeniyar ɗaga hannu in yana son a dakata, sun ishe shi. Wanda kuwa tsoronsa ya wuce haka, ya je tun kogon bai kai ga jijiya ba, ya nemi a kwantar masa da hankali a yi aikin.