Ranar da bam ya tashi a Sabon Garin Zariya: Me coci ke koyarwa kan yafiya da kamun kai?

Da safiyar Lahadi 17 ga Yunin 2012, Bishop George Dodo yana tsaka da wa'azi a babban cocin Katolika na Christ the King da ke Sabon Garin Zariya, sai wata mota ɗauke da bam ta tarwatse a bakin harabar cocin. A safiyar dai an kai irin wannan hari cocin ECWA da ke Wusasa da wani coci a Kaduna. Mutane sun mutu, wasu da dama sun jikkata, kuma ƙungiyar Boko Haram ta ce ita ta kai hare-haren.

Kafin rana ta faɗi wani jinin ya sake zuba. Fusatattun matasa sun tare hanyar Kaduna zuwa Abuja a Gonin Gora suka far wa matafiya Musulmi waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Dole gwamnan jihar na lokacin, Patrick Yakowa, ya sa dokar hana fita ta awa 24.

'Yan sa'o'in da ke tsakanin tashin bam da fara ramuwar nan su ne inda ake gwada abin da fastoci da limaman coci ke wa'azi a kai kowace Lahadi: yafiya da tuba da kamun kai.

Ba wannan ne karon farko da Zariya ta shiga irin jarrabawar ba. A watan Maris na 1987 rikici ya ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a wajen wani taron ɗalibai Kirista, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona wuraren ibada masu yawa. Cikin waɗanda aka ƙona wa coci da gida a Zariya har da wani matashin malamin Anglikan, Benjamin Kwashi, wanda ya roƙi mabiyansa kada su rama. Shi ne ya zama Bishop na Jos a 1992.

Hujjar masu irin wannan kira tana cikin Linjilar Matiyu sura ta 18. Bitrus ya tambayi Yesu Almasihu ko yafe wa ɗan'uwa sau bakwai ya wadatar, aka ba shi amsa da adadin da ya ninka haka nesa ba kusa ba, wanda malamai ke fassarawa da cewa a daina ƙirge. Sai misalin wani bawa da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, kuɗin da ba zai iya biya ba ko da zai yi ta aiki har ƙarshen ransa. Fitarsa ke da wuya ya shaƙe wuyan abokin aikinsa kan dinari 100, ladan ƙwadagon wata uku da 'yan kwanaki. Sarki ya ji, ya janye yafiyar. A nan koyarwar take da tsauri, domin wanda ya ƙi yafewa ya sa tasa gafarar a cikin haɗari.

Sai dai akwai inda ake yawan kuskure. Yafiya a koyarwar coci ba ta nufin a rufe shari'a. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Romawa, ya hana mutum ɗaukar fansa da hannunsa a sura ta 12, a sura ta 13 kuma ya ɗora wa hukuma nauyin hukunta mai laifi. Matsalar ita ce idan hukuma ta yi sakaci, nauyin duka kan koma kan wanda aka zalunta. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa matar da ta binne mijinta ta yafe, alhali ba ta ga an gurfanar da kowa ba.

Bahaushen da ya leƙa coci a Zariya zai ji kalmomin da ya saba da su. Tuba da gafara da zunubi duk daga Larabci suka shigo Hausa, kuma da su ake karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fitowa cikakke a 1932 bayan dogon aikin da Dokta Walter Miller ya jagoranta. Miller ya zauna a birnin Zariya tun farkon ƙarni na 20, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929.

A Samaru kuwa, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, kamun kai ya fi shafar rayuwar yau da gobe. Ɗalibin da ya bar gaban iyayensa a karon farko yana fuskantar giya da ƙwaya da neman mata ko maza da satar amsa. Ƙungiyoyi irin su FCS kan koma ga wasiƙar Galatiyawa sura ta 5, inda aka lissafa halaye tara da Ruhu Mai Tsarki ke haifarwa, kamun kai ne na ƙarshe. Sukan kuma kawo labarin Yusufu, wanda bai tsaya jayayya da matar maigidansa ba, ya bar rigarsa a hannunta ya ruga waje. Katolika da Anglikan na ƙara da azumin kwana 40 kafin Ista, don horar da jiki ya saba da jin an ce masa a'a.

Tuba ce ta fi wuyar wa'azi, musamman a unguwar kasuwanci kamar Sabon Gari, domin tana taɓa aljihu. A Linjilar Luka sura ta 19, Zakka mai karɓar haraji bai tsaya ga nadama da baki ba. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Bisa wannan ma'auni, ɗan kasuwar da ya tauye mudu sai ya nemi wanda ya tauye wa, haka shi ma matashin da ya ɗauki makami a Gonin Gora akwai haƙƙin iyalan da ya raba da nasu a kansa, ko da cocinsu aka fara tabawa.

Bishop Dodo, wanda shi ne bishop na farko na Katolika a Zariya, ya rasu a watan Yulin 2022, shekara 10 bayan harin. Har yanzu ana taruwa a cocin Christ the King duk ranar Lahadi.