Faɗuwar Gaba Da Ke Addabar Iyaye A Mubi

Tun ran 29 ga Oktoba, 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, iyaye suka kwashi 'ya'yansu a ƙafa zuwa Yola da Kamaru, akwai masu fama da wani ciwo wanda awon asibiti bai cika nunawa ba. Uwa tana cikin tuƙa tuwo sai gabanta ya yanke ya faɗi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, gumi ya karyo, numfashi ya yi sama-sama, har ta fara kalmar shahada. Cikin kamar minti 10 abin ya kai matuƙa, sa'an nan ya lafa.

Maƙwabta su ce iska ce. Likitoci kuwa sun ce jiki ne ke zuba sinadarin adiranalin cikin jini, watau shirin gudu, alhali ba mai kora. Rashin barci da tunanin kuɗin makaranta ke rura wutar, magidanta kuma kunya ta sa su ɓoye.

Firgicin kansa ba ya kisa, amma ciwon zuciya kan yi kama da shi. Don haka a fara zuwa Babban Asibitin Mubi, in ya tsananta akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri.