Aikatau a Saudiyya: Abin da Doka Ta Tanadar wa 'Yar Aiki

A ƙauyuka da dama mata sukan sayar da awaki, wani lokaci har da gonar gado, su ba dillali kuɗi don ya kai su aikatau ƙasar Saudiyya. Wasu sukan dace. Wasu kuwa sai su shekara suna wanki da shara ba a ba su ko riyal ɗaya ba. Sau da yawa bambancin yakan fara ne daga irin takardar da aka fita da ita.

Biza iri-iri ce. Akwai ta umara, akwai ta ziyara, akwai ta aiki. Matar da ta shiga da bizar umara ta tsaya aiki ba ta da iƙama, watau takardar izinin zama. In uwargida ta hana ta albashi, ba ta iya kai ƙara, domin ita za a fara kamawa a maido gida. Dillalai sun san haka sarai, amma ba su faɗa.

Wadda ta je da bizar aiki kuwa tana da yarjejeniya a rubuce, kuma doka ta san da ita. Dokar masu aikin gida da Saudiyya ta soma aiki da ita a shekarar 2024 ta ce ba a ɗaukar wadda ba ta kai shekara 21 ba. Aikin yini kada ya wuce awa 10. Kowane mako tana da hutun kwana ɗaya cur, kuma ba a yanke mata kuɗinsa. In ta cika shekara 2 za ta ci gaba, tana da hutun wata guda da albashi. In ba ta da lafiya, likita ya shaida, tana iya hutawa har kwana 30 a shekara. Haka kuma maigida ba shi da ikon riƙe fasfo ɗinta. Wannan doka ana yawan taka ta.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Zaman 'yar aiki a ƙasar yana ɗaure da kafil, watau wanda ya ɗauko ta. In ta fice daga gidan ba da saninsa ba, yana iya kai rahoto cewa ta gudu, sai laifi ya koma kanta. Don haka gudu ba dabara ba ce. Ƙara ake kaiwa ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar, ko a kira lamba 19911. In an hana ta albashin wata 3, tana iya neman a mai da ita wani gida ko kafil bai yarda ba. Nijeriya tana da ofishin jakadanci a Riyad, da ƙarami a Jidda.

A nan gida ma, dokar ƙwadago ta ce mai ɗaukar mutane aiki zuwa waje sai da lasin daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Dillalin da ya yaudari mace ya kai ta bauta ana kai ƙararsa hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane. Tana da ofis a Kano da Sakkwato da Maiduguri.

Kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa, a sami wanda aka amince da shi ya karanta yarjejeniyar, ya faɗi nawa ne albashin, kuma wane gari za a je. A bar wa dangi hoton fasfo da na yarjejeniyar, da sunan dillalin.