Ɗan Da Ya Dawo Daga Fagen Daga

Uwargida, ko kin san a yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, yawan sojoji ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa wajen 250,000? Da yawansu samari ne da aka ba gajeren horo, aka tura bakin daga.

Wasu sun dawo da ladabi da sana'a irin tuƙi ko kanikanci. Wasu kuwa sun dawo da firgita cikin barci, saurin fushi da yawan shiru, saboda abin da idonsu ya gani.

In ɗanki soja ya dawo haka, kada ki ɗauka rashin kunya ce. Ki ja shi a jiki, ki haɗa addu'a da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Allah Ya kare mana zuri'a.