Kafin Ka Toshe Tagar Nan, Tsaya Ka Ji

A unguwannin da gine-gine suka cushe a Kano, Kaduna, Zariya ko Damagaram, da wuya ka sami gidan da babu taga ɗaya da mai ɗakin ba ya son buɗewa. Wata tana kallon kwata, wata bola, wata kuma bayan bangon maƙwabci ne da ba a yi wa shafe ba, ga bututun banɗaki yana tsiyaya. Abin da mutane suka saba yi shi ne su kira birkila ya jera bulo a wurin, ko su buga kwali da langa-langa, ko su rataya labule mai kauri su manta da shi shekara da shekaru. Ido ya huta, amma huhu ne zai biya kuɗin.

Aikin taga na farko shigar da iska ne da haske. Ƙa'idar gini a ƙasashe da dama ta tanadi faɗin tagogin ɗaki ya kai kashi 1 cikin 10 na faɗin ƙasan ɗakin, kuma yawancin ɗakunan hayarmu ko kusa da haka ba su kai ba tun kafin a toshe musu komai. Ɗakin da mutum shida ko bakwai ke kwana, a watan Maris ko Afrilu, babu mashigar iska sai ƙofa, shi ne irin wurin da tarin fuka da sanƙarau ke jin daɗin yaɗuwa. Manya ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, akasarinsu a Arewa. Cunkoso da ƙarancin iska suna cikin abubuwan da likitoci ke ja mana kunne a kansu duk bazara. Da hunturu kuma ga masu shiga da kaskon gawayi ɗaki don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, mutum na barci za ta tafi da shi. Janareta ma ita yake fitarwa, shi ya sa ake so a nisanta shi da taga aƙalla mita 6. Duk wanda janaretan maƙwabci ke ruri a gindin tagarsa, damuwarsa ta wuce ta munin kallo, magana ce ta rai, a yi ta yau.

To yaya za a yi da abin da ido ba ya so? Fara da zama a inda ka saba zama, bakin gado ne ko kujera, ka dubi tagar da kyau. Sau da yawa za ka tarar munin duk a rabin ƙasa yake, rabin sama kuwa sararin samaniya ne ko kan wata bishiya. Rabin ƙasan kawai za ka rufe. Guntun labule mara nauyi a kan waya ya isa, ko takardar nan mai hazo-hazo da ake mannawa a gilashi, haske ya shigo amma ba a ganin abin da ke baya. Sai dai a yi hattara da baƙin gilashi mai kama da madubi da ake yayi yanzu. Da rana na waje ba ya ganin ciki, gaskiya ne. Da dare kuwa, da an kunna fitila lamarin ya juye, mai wucewa yana kallon iyalinka tsaf, kai ba ka ganinsa.

Idan akwai ɗan fili a waje, to gyaran ya fi kyau a can. Asabari ko zana da aka tsayar kamar taku ɗaya ko biyu daga bango suna kare ido, iska kuma tana ratsawa. Ga tagar da ke fuskantar yamma ma riba biyu ce, domin tare rana tun daga waje ya fi rage zafin ɗaki a kan labulen ciki. Bangon da ya yi baƙi kuwa, farar ƙasa ko fenti mai haske kan sauya shi a wuni ɗaya, har ɗakin ya ƙara haske. In bangon na maƙwabci ne, a nemi izininsa tukuna.

Shuka ita ce maganin da ya fi daɗewa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Zogale ya dace ƙwarai: yana tsiro daga iri ko daga reshe, cikin shekara guda ya wuce tsayin mutum, ga ganyen kwaɗo da miya. Amma in an bar shi sai ya miƙe siriri, ganyen ya koma can sama, bolar da kake ɓoyewa ta sake bayyana ta ƙarƙashi. A riƙa sare kansa daidai ƙirji don ya yi rassa. Lalle yana yin shinge mai kyau, yana jure rani, furensa ga ƙamshi. Soso yana hawa waya ko igiya ya rufe wuri cikin damina ɗaya, sai dai da rani ya bushe ya bar ka da kara. Darbejiya, ceɗiya da durumi kuwa manyan itatuwa ne, inuwarsu ta ƙofar gida ce. Wanda ya dasa su a jikin bango ko kusa da sokawe zai zo yana neman birkila bayan 'yan shekaru, saiwa ta tsaga gini.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su kusanci gidan da ke da yara ba, komai kyansu. 'Ya'yan cini-da-zugu suna da daɗin tauna a bakin yaro, kuma suna jawo amai da gudawa mai tsanani. Zaƙami guba ne tun daga ganye har 'ya'ya. Ruwan tumfafiya in ya shiga ido yana yi masa lahani. Ita ma fulawar nan mai rawayen fure kamar ƙararrawa da siraran ganye, wadda ake yawan gani a harabar makarantu da ofisoshi, ƙwallonta yana taɓa zuciya, har yakan kashe. Ka tambayi mai sayar da fulawa kafin ka saya, in ya yi inda-inda ka bar masa kayarsa.

Masu jera tukwanen fulawa a bakin taga su lura da ruwan da ke taruwa a farantin ƙarƙashi ko a tsohuwar taya. A lokacin zafi, kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo. A zubar da ruwan duk mako. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa wata ciyawa mai ƙamshi za ta kore maka sauro don kawai an dasa ta. Ragar taga ba ta da madadi, gidan sauro ma haka. Ƙasan shukar a riƙa share shi, kada ya zama maɓoyar kunama da maciji. Tukunyar da ke kan bene kuma a ɗaure ta, iskar farkon damina ba ta da wasa.

Duk wannan kwalliya ce idan abin da ke bayan tagar kwata ce da ta toshe ko juji. Ganye yana ɓoye shara, ba ya ɓoye wari da ƙuda, balle hayaƙin leda in an cinna wa bolar wuta. Nan sai an haɗa kai da maƙwabta, a yi gayya a yashe kwatar kafin ruwan farko, a kai kuka wurin mai unguwa da duba-gari. A Kano akwai hukumar REMASAB mai kwashe shara, akwai kuma tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda da yawanmu muka mayar ranar ramuwar barci.

Wani kuma sai ya ce bari ya huta, ya fasa sabuwar taga a ɗaya bangon. Ya duba inda za ta kalla tukuna. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya lissafa buɗe tagar da ke leƙa cikin gidan maƙwabci a cikin cutarwar da aka hana. In dole ne, a ɗaga ta sama da tsayin mutum. Idan mai walda ya zo saka ƙarfen tsaro, ka ce ya yi wa aƙalla taga ɗaya ƙofar da ake buɗewa daga ciki, makullin kuma ya zauna inda kowa a ɗakin ya sani, saboda ranar gobara. Ɗan haya kuwa ya tsaya kan abin da zai iya cirewa ya tafi da shi, labule, asabari, shuka a bokiti, fasa bango kuma ya bari sai da yardar mai gida, a gaban shaida.